Fulawar Yaya da Ruwan Alwalar Inna

A cikin kayan da Yaya ta bari, fulawar ce kaɗai ba wanda ya san rabon wa za ta shiga. An raba tufafi, an raba kwanuka da keken ɗinki, mijinta ya ce zai mayar wa mai gida makullinsa, domin ba zai iya ci gaba da kwana a gidan nan na unguwar Gesse ba. Ɗaki ya zama wayam, sai ita a bakin taga cikin tsohon bokitin fenti, yaɗonta ya bi bango har saman ƙofa.

Irin fulawar nan ce mai yaɗo da ake ajiyewa cikin ɗaki. Ganyenta ya ɗan yi kama da na dankali, sai dai ya fi kauri da sheƙi, kore ne mai ɗigo-ɗigon fari. A waya na ga ana ce mata potos, amma a gidanmu ba wanda ya taɓa kiranta haka. Yaya fulawa take cewa. Inna kuwa, wadda duk wani tsiro da ba a ci haki ne a wurinta, hakin ɗaki take ce masa.

Yaya ce babbarmu, malamar firamare ce a Birnin Kebbi. Da na gama jami'a na gama bautar ƙasa, wurinta na tare ina jiran aiki, domin mijinta ba mazauni ba ne, kuma a garinmu Argungu ba abin da zan yi sai zama. Wata maƙwabciyarmu ce ta ba ta fulawar, 'yar kudu mai shagon robobi a kasuwa, wadda kowa ke kira Madam. Ta daɗe a garin har Hausarta ta koma ta Kabi. Daga tata ta yanko mata reshe guda, Yaya ta dasa, ta huda gindin bokitin da ƙusa mai zafi, ta buga ƙananan ƙusoshi a bango, ta riƙa ɗaure yaɗon da yankin atamfarta duk inda ya kai.

Ni mai yawan damuwa ce tun ina ƙarama. Ba na iya faɗin magana kai tsaye sai na kewaye ta da wataƙila da ina jin da ban tabbata ba. Yaya har suna ta sa mini, Hajiya Wataƙila. Farkon zuwana, kullum da safe sai na ɗebo ruwa a kofi na nufi taga.

"Hajiya Wataƙila, aje kofin nan."

"Yaya, ina jin kamar ƙasar ta bushe."

"Kin sa yatsa?"

"Ban sa ba, amma wataƙila…"

"To sa. In kin ji danshi, ki shanye ruwanki. Ita ma 'yar fari ce, da gefen ido ake kallonta. Kika matsa mata da kulawa sai ta rikice, ba ta saba ba."

Ta faɗa tana dariya tana ɗaura ɗankwali, ni ma na yi dariya. Sai daga baya maganar ta riƙa dawo mini.

Wanda ya tashi a irin gidanmu ya san abin da take nufi. Inna tana kunyar Yaya irin kunyar da ake yi wa ɗan fari, kuma ta riƙe ta da gaske, fiye da yawancin matan unguwarmu. Ba ta kiran sunanta. Yayarku take cewa, ko waccan. In Yaya ta zo gida, Inna ba ta tashi ta tare ta, sai ta amsa gaisuwa tana kallon tsintsiya ko tukunya. Mu ƙanana mun hau cinyarta, mun ci daga hannunta, Yaya kuwa wurin kakarmu ta yi rarrafe. Ban ce Inna ba ta sonta ba. Duk buhun shinkafar farko da aka casa, Gesse yake zuwa, kuma ni ake ba saƙon: ki ce ma waccan ta riƙa cin abinci, na ga ta rame. Yadda aka yi ta ga ramar, alhali ba ta kalle ta ba, ban sani ba.

Ciwon Yaya bai ja lokaci ba. A cikin bazara ya kwantar da ita, kafin ruwan fari ya sauka ta tafi. Inna ta zo asibiti da kunu a fulas, ta zauna a tabarma daga bakin ƙofa, ta bar ni da kujerar kusa da gado. A zaman makoki a Argungu, mata suna shigowa suna kuka, ita ke ba su haƙuri. Na ji wata gwaggonmu tana yaba ta, wai ko ɗigon hawaye ba a gani ba, haka ake so ga uwar ɗan fari. Na fita bayan ɗaki na daɗe a tsaye.

Ranar da zan koma Birnin Kebbi kwashe kaya, na durƙusa ina yi mata sallama. Har na kai ƙofa ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "In kin tahi, ki taho da hakin nan na ɗakin yayarku. Kada a bas shi ga mutane."

Sau ɗaya ta taɓa ganinsa, lokacin da ta zo ganin likitan ido ta kwana a wurinmu. Ban ma san ta lura da shi ba.

Na warware yaɗon daga ƙusoshi a hankali, na naɗe shi kamar igiya, na bar yankunan atamfar a jikinsa. A mota na rungume bokitin a cinyata. Wani dattijo da ya shiga a Ambursa ya leƙo ya tambaye ni ko maganin basir ne. Na ce a'a. Ya ce to na mene ne? Na ce na yayata ne. Ya kalli fuskata, bai sake tambaya ba har muka sauka.

Inna ta sa aka ajiye shi a ƙarƙashin rumfar ƙofar ɗakinta, inda rana ba ta duka. Baba, wanda bai taɓa buga ƙusa don haki ba a rayuwarsa, ya ɗauko guduma ya jera ƙusoshi a jikin azara. Na yi wa Inna bayanin yadda Yaya take yi, ko kuma dai na yi zaton na yi. Na ce ba kullum ake ba shi ruwa ba, ina jin. Ta ce to.

A daidai lokacin na samu ɗan aikin koyarwa a wata makarantar kuɗi a Birnin Kebbi, na kama ɗaki tare da wata abokiyar aiki. Ƙarshen mako nake zuwa Argungu. Zuwan farko da na biyu fulawar tana nan kore shar, har na ga kamar ta fi sheƙi, ashe Inna ce ke goge ganyen ɗaya bayan ɗaya da gefen zanenta. A zuwa na gaba na tarar da ganyen ƙasa sun yi rawaya. Rawayar ba irin ta busasshen ganye ba ce, mai laushi ce, kamar an jiƙa takarda. Na taɓa ɗaya, ya biyo hannuna.

Na shiga waya ina nema. Abin da na samu bai kwantar mini da hankali ba, domin an ce ƙishirwa tana sa rawaya, yawan ruwa ma yana sawa, canjin wuri yana sawa, tsufan ganye ma haka. Na zaɓi canjin wuri, don shi ne ba laifin kowa.

Da azahar ta yi na ga abin da idona. Inna ta fito da buta, ta jawo 'yar kujerarta har gindin bokitin, ta zauna ta miƙa hannuwanta a kansa. Ruwan wanke hannu, na fuska, na damtse, duk a cikin ƙasar fulawar ya sauka. Da ta gama ta karkata butar ta juye ragowar. Leɓenta yana motsi. La'asar ta yi, ta sake. Magariba ma haka.

Da ta shiga madafa na je na ɗaga bokitin. Da ƙyar ya tashi. Na leƙa gindinsa, sai na ga duk hudojin da Yaya ta yi an liƙe su da baƙar lakar fadama, an shafe sumul.

Mu mutanen fadama ne. Inna ta girma tana dashen shinkafa ruwa har ƙwauri, kuma abin da ta sani tun tana yarinya shi ne, in ka ga ruwa yana zurarewa daga fangalin gonarka, ka ɗebi laka ka toshe, in ba haka ba wahalarka ta tafi gonar maƙwabci. Ta zuba ruwa ta ga yana fita ta ƙasa, sai ta yi abin da kowane mai hankali a gidanmu zai yi.

Na samo tsinke na tsokale lakar, ruwa mai tsami ya tsiyaye, na share wurin da ƙafa don kada ta gani. Na koma Birnin Kebbi da ɗan sauƙi a raina. Mako ya zagayo, ina shiga gida, ko mayafi ban cire ba, Inna ta ce, "Ɓerayen gidan ga sun ishe ni. Hab bokiti sunka hude. Na sake liƙe shi, na haɗa da tsumma wannan karon."

Na ce, "Allah ya shirye su."

"Ɓera ka shiryuwa?" in ji ta.

A ranar ne na tattara ƙarfin halina. Na zauna kusa da ita tana tsince shinkafa a faifai, na sa hannu ina taya ta.

"Inna, na ɗan karanta wani abu. Ban tabbata ba dai. Ana cewa wataƙila irin wannan hakin ba ya son ruwa da yawa."

"Wa yac ce?"

"A waya na gani."

"Waya ta taɓa noma?" Ta hure ƙaiƙayi daga faifan. "Wane abu na mai rai da ba shi son ruwa? Ba ki ga ya yi ja ba? Ƙishi na."

"Ina nufin, ko da za a ɗan rage…"

Ta daina tsintar. Ba ta kalle ni ba, faifan take kallo.

"Ruwan alwala na. Ba a zubda shi banza. Kuma wanda yas shayar da abu mai rai shina da lada." Ta juya faifan. "Ladan ba nawa na ba. Na ba da shi."

Ba ta faɗi wanda ta ba ba, kuma ban tambaya ba. Na ci gaba da tsintar tsakuwa a shinkafar da ba na gani sosai.

Daga nan ne abin ya zame mini nauyi na gaske. Na san abin da ke kashe fulawar, ko in ce na kusa tabbata. Amma matar nan ba ta taɓa ɗaukar Yaya a bainar jama'a ba, ba ta riƙe hannunta a asibiti ba, ba ta yi kukanta ba. Wannan ruwan ne abu na farko da take ba ta da hannunta ba ta hannun wani ba, kullum, a tsakar gida, kowa yana gani. In na yi shiru fulawar za ta mutu a hannunta. In na faɗa mata dalla-dalla, na ce mata ke nan abin da kike bayarwa shi ke kashewa. Na juya maganar ta kowace fuska a cikin mota, zuwa da komowa, ban samu inda zan kama ta ba.

Baba ma ya sa nasa hannun. Ya tare ni a zaure yana shirin tafiya gona, ya rage murya.

"Na ɗan sa mai taki. Hwarin nan mai kama da sukari. Shinkahwa in ta yi ja hakanga, shi ka tashe ta. Kada ki hwaɗa ma innarku, cewa za ta yi na shiga hurumin da ba nawa ba."

"Da yawa ka sa, Baba?"

"Ɗan tahin hannu ɗai."

Na dubi tafin hannun Baba, mai faɗin faifai. Na ce Allah ya sa a dace. Ya ce amin, ya saɓa fartanyarsa, kuma na ga a tafiyarsa cewa ya ji daɗin ya yi wani abu.

Damina ta kankama. Iska ta yi danshi, ƙasar bokitin ba ta ko shan iska balle ta bushe. Ganye ya riƙa zuba daga ƙasa yana hawa sama, har yaɗon ya zama doguwar igiya tsirara, da yankunan atamfa a rataye, da 'yan ganye a can ƙarshe. Ban taɓa ganin ganye ko ɗaya a ƙasa ba. Na ɗauka shara ce ke kwashewa, sai ranar da Inna ta aike ni ɗauko allura a ɗakinta, na buɗe wata langa na same su a ciki, an jera su an danne, wasu sun yi baƙi.

Wata ranar Laraba bayan an tashi makaranta na bi ta kasuwa wurin Madam. Tun rasuwar ban je ba, don na san sai ta sa ni kuka. Tana hango ni ta ture robobin gabanta.

"Ƙanwar Malama! Ke ce kinka ɓace haka? Zamna, zamna. Ƙaƙa Inna? Ƙaƙa haƙuri?"

Ta saya mini ruwan sanyi, ta ƙi karɓar gardama. Muka yi kukan da nake gudu, muka share. Ita ce ta tambayi fulawar. Na faɗa mata duka, har ɓerayen da takin Baba. Ta yi dariya har ta dafa cinya, sai kuma dariyar ta tsaya.

"Uwar tana gidana," ta ce. "Daga jikinta na yanko ma Malama. In kina so in cika miki bokiti, ki kai da dabara ki canza. Iri ɗaya na."

Na daɗe ina tunanin wannan. Ba zan ɓoye ba, ya ja ni. Amma na tuna langar nan. Matar da ta san kowane ganye da ya faɗi ba za ta kasa gane baƙo ba.

"Za ta gane," na ce. "Ina jin."

"Za ta gane," in ji Madam. "Ni ma da zan gane." Ta gyara ɗaurin zanenta. "Na binne ɗa a garin ga, kin sani? Tun ba a haife ki ba. Rigarshi ta makaranta na wanke na wanke har ta mutu a hannuna. Ba wanda ya iya hana ni." Ta juya ta sallami wata mai sayen bokiti, ta dawo. "Ƙasan ya riga ya tafi, kada ki wahal da kanki. Ki yanke saman, inda ke da rai, ƙasa da gaɓa kaɗan. Ki sa a kwalba da ruwa. A kwalba ruwa ba shi kashe shi, saiwa ma yake fiddawa. Ki bar tsohuwa da ruwanta, ki canza mata wurin zubawa."

Ranar Asabar na sayi sabuwar reza, na wanke kwalbar da ta ƙare da man gyaɗa. A hanya, daga Zauro zuwa gaba, ruwa ya shanye fadama, kan shinkafa kaɗai ake gani a wasu wuraren, a wasu ko shi babu. Mutanen motar suna ta lissafin gonakin wa da wa suka tafi. Ni ina riƙe da kwalba a jaka ina maimaita abin da zan ce.

Na isa da hantsi. Baba yana gona. Inna tana zaune a ƙofar ɗaki, fulawar a gefenta, ganyen da suka rage ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba. Na gaishe ta, na fito da rezar da kwalbar na ajiye a tabarma.

"Mi za ki yi da reza?"

"Inna, ina ganin, in kin yarda, da an ɗan yanki saman an sa a ruwa. An ce yana iya…"

"Ba mai sa mai ƙarhe."

"Ko reshe ɗaya ne."

"Na ce ba mai yanka shi. Bai ishe shi ba, abin da shi ka ciki?"

Ta miƙa hannu ta kama gindin yaɗon, kamar yadda ake kama hannun yaro a janye shi daga gaban baƙo. Ba ta ja da ƙarfi ba, na gani da idona. Amma sai gindin ya taho gaba ɗaya, ya fito daga ƙasar ba wata turjiya, baƙi, laɓo-laɓo, ruwa yana ɗiga. Saiwar da ta biyo shi 'yan zarurruka ne masu yauƙi. Wari ya tashi.

Na san warin, kowa a garinmu ya san shi. Shi ne warin gona bayan ambaliya ta janye.

Inna ta ɗaga shi kusa da fuskarta. Ta murza saiwar da yatsu biyu, ta narke. Ta tura hannunta cikin bokitin har wuyan hannu, ta fito da shi da baƙar laka, ta duba. Ba ta buƙaci waya ba, ba ta buƙace ni ba.

"Ruwa ya ci shi," ta ce.

Ta karkata bokitin ta dubi gindinsa.

"Ba ɓera na ba."

"Ni ce, Inna."

"Kin sani ke nan."

"Na yi zato. Ban tabbata ba."

"Ke dai kullum ba ki tabbata ba."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma da faɗa ne. Ta ɗora yaɗon a cinyarta, lakar tana ɓata mata zane, ta bi shi da hannu tun daga ruɓaɓɓen gindin, gaɓa bayan gaɓa, tana wuce yankunan atamfar, har ta kai ganyen ƙarshe. Sannan ta kira sunan Yaya.

Sunanta na yanka, cikakke, yadda aka raɗa mata. Tunda nake ban taɓa jin sa a bakin Inna ba, har na ji kamar wani suna ne daban. A hankali ta faɗe shi, irin kiran da ake yi wa wanda ke ɗaki na kusa. Ta sake faɗa. Ta ce, "Na yi miki yawa, ko? Ban iya ba. Ba a koya man ba."

Kukan da ya biyo baya ba zan iya bayyana shi ba, kuma ina ganin bai kamata ba. Na tashi na rufe ƙofar zaure don kada wata maƙwabciya ta shigo ta gani. Na dawo na zauna a bayanta. Na so in dafa ta, na kasa sanin ko ya dace, daga baya dai na dafa. Ba ta ture hannuna ba.

Da ta natsa ta share fuska da gefen mayafi, ta ce, "Miƙo rezar."

"Ƙasa da gaɓa kaɗan, an ce. Wurin ɗan ƙullin nan."

"Na gani."

Ita ta yanka, da hannun da ya saba yankan shinkafa. Ta fitar da 'yan rassa daga saman, ta bar yankin atamfa a jikin ɗaya. Ta ɗauraye kwalbar da kanta duk da na wanke, ta cika ta daga randa, ta jera su ciki. Ragowar yaɗon ta naɗe ta kai bayan ɗaki, ta haƙa rami gindin zogale ta rufe. Ganyen langar ma can suka bi. Da Baba ya dawo ya ga ƙusoshinsa ba komai, ya ga kwalba, ya dube ni. Na girgiza kai kaɗan. Ya wuce ya ajiye fartanya, kuma maganar taki ba ta sake tashi ba.

Rassan ba duka suka yi ba. Ruɓar ta riga ta hau wasu, suka yi baƙi daga ƙasa, Inna ta riƙa zare su ɗaya bayan ɗaya tana kaiwa gindin zogale. Ɗaya ya rage. Ba mai atamfar ba ne, na so a ce shi ne. Ta kwance yankin ta ɗaura a wuyan kwalbar.

Wajen ƙarshen damina ta kira ni a waya, abin da ba ta saba ba, sai dai ni in kira. Muka gaisa.

"Ya hidda wani abu hwari," ta ce. "Kamar zare."

"Saiwa ce, Inna. Ina jin saiwa ce."

"Na san saiwa."

Yanzu a gindin zogale take alwala. Kwalbar tana kan tagar ɗakinta daga ciki, da safe takan juye ruwan jiya ta zuba sabo, ta tsaya kaɗan, ta fita. An ce in saiwar ta yi tsawo ya kamata a mayar da shi ƙasa, kuma na wanke bokitin fentin na buɗe hudojinsa na kife shi a bayan ɗaki. Na ɗaga maganar sau ɗaya. Ta ce a bar shi inda take ganin saiwar da idonta. Ban sake ba.

Ganye biyu ne da shi, da wani ɗan ƙarami a naɗe da bai buɗe ba tukuna. Ban san ko zai rayu ba. Na karanta cewa suna daɗewa a ruwa, na kuma karanta cewa wani lokaci haka kawai sukan tafi. Duk ranar Asabar in na sauka daga mota, tun daga bakin titi nake ɗaga ƙafa, ba na tsayawa har sai na shiga na leƙa tagar.

Sunan kuwa ba ta sake kira ba. Ta koma yayarku da waccan, kamar da. Makon jiya ina shirin komowa, ta ba ni ƙullin shinkafa sabuwar casa, ta ce in kai wa matar nan ta kasuwa. Na ce wace? Ta ce wadda ta ba waccan haki.